Mata ta yafe, amma Niyaba ba ta rufe fayil ba: ina mafita?

Ɗan Rusaifa

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masu sanin harkar shari'a a nan Saudiyya. Miji da mata ne, duka 'yan ƙasarmu masu iƙama (izinin zama) a Makka, suka samu saɓani har hannu ya shiga. Matar ta kira 1919, layin kai ƙarar cin zarafi a cikin gida, aka kai ta asibiti, magana ta je shurɗa ('yan sanda), daga can ta wuce Niyaba, wato ofishin masu gabatar da ƙara na gwamnati. Yanzu manya sun shiga tsakani, an shirya, ta koma ɗakinta, ta ce ta yafe duniya da lahira. Sai ga saƙo ya sake shigo wa mijin a waya wai ana nemansa a Niyaba. To ba mai ƙara ce ke da ikon janye ƙararta ba? Wace hanya ake bi a kashe maganar baki ɗaya?

Tafintan Jidda

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Inda mutanenmu ke yawan ruɗewa ke nan. A gida mun saba idan mai ƙara ya ce ya janye, sai alƙali ya sallami kowa. A nan laifi guda haƙƙi biyu yake ɗauke da shi: haƙƙul khas, wato haƙƙin wadda aka cuta, da haƙƙul am, wato haƙƙin hukuma. Matar na farkon kawai ta mallaka, shi kaɗai za ta iya yafewa. Sashe na 23 na dokar bin kadin laifuka ta shekarar 1435 bayan hijira ya faɗa ƙarara cewa yafewar wanda aka cuta ba ta hana a ci gaba da haƙƙin hukuma. Saboda haka saƙon da ya shigo masa ba kuskure ba ne, ya je kawai a ranar da aka sa masa. Ƙin zuwa shi ke sa a ba da umarnin a kamo mutum.

Abu na biyu, yafewar da aka yi a falo gaban kawunnai ba ta cikin fayil. Mai bincike abin da ke rubuce a gabansa kawai ya sani. Sashe na 29 ya ce ƙorafin da mutum ya shigar ana ɗaukarsa a matsayin neman haƙƙinsa, sai fa in ya zo gaban mai bincike ya furta da bakinsa cewa ya sauka daga kai, a rubuta a mahdar, wato takardar bayanan bincike, a kafa shaidu. Wannan shi ne tanazul ɗin da kuke jin Larabawa na faɗa. Ta je da kanta, da iƙamarta da lambar fayil ɗin. In Larabcinta bai kai ba ta nemi tafinta, kada ta sa hannu a abin da ba a karanta mata ta fahimta ba.

Maganar "kotu ta kori ƙara" da mutane kan yi kuma, tun da fayil bai bar Niyaba ba, ba kotu ake nema yanzu ba. Abin da ake nema sunansa hifz, wato a ajiye fayil ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Mai bincike ne ke ba da shawarar haka, na sama da shi ya amince. Yana duba girman raunin, ko an taɓa kawo ƙarar mijin a baya, ko akwai yara da abin ya shafa, da kuma ko sulhun na gaskiya ne. Niyaba tana da sashen sulhu na rigingimun iyali, a roƙi a tura maganar can. Wannan ne lokacin da ƙofa ta fi faɗi. Da zarar an rubuta takardar tuhuma an miƙa wa mahkama jaza'iyya, wato kotun laifuka, aiki ya ninku.

Hajiya Ummu Madina

Malam Tafinta ya yi bayani, Allah ya saka. Ni ta ɓangaren matar zan yi magana, don ita ake yawan mantawa da ita idan manya sun taru.

Tanazul ba wasa ba ne. Ƙa'idar malaman fiƙihu ita ce haƙƙin da aka sarayar ba ya dawowa, kotunan nan kuma da ita suke aiki. Mace ta yafe yau a kan alkawarin baki, wata biyu ya koma gidan jiya, ba ta da bakin cewa ta fasa yafewar farko, sai dai sabon laifi sabon ƙorafi. Don haka duk abin da aka yi mata alkawari a zaman sulhu, ko kuɗin magani ne, ko ciyarwar da ta taru, ko raba mata gida da danginsa, ko riƙon yara in auren bai ɗore ba, a sa shi a rubuce kafin ta sa hannu a komai. Hanya mafi sauƙi ita ce Taradhi, dandalin sulhu na ma'aikatar shari'a. Ana shiga da Nafath, manhajar tantance mutum ta gwamnati, a haɗa su da mai sulhu, a yi zaman ta waya. Takardar da ta fito daga can tana da ƙarfin zartarwa: in miji ya saɓa, kotun tanfiz, wato kotun zartar da hukunci, za ta kai ta kai tsaye ba sai ta buɗe sabuwar shari'a ba. Takardar da limamin unguwa ya rubuta da biro tana da albarka, amma ba ta da wannan ƙarfin.

Sannan ina jan kunnen dangin miji. Masu bincike sukan keɓe mace su tambaye ta ko tilasta mata aka yi. In ta nuna saƙonnin "in ba ki janye ba za a karɓe yaran" ko "za a soke miki iƙama", tanazul ɗin ya zama abin tuhuma, mijin kuma ya ƙara wa kansa laifin barazana a kan na duka. Garin neman gira a rasa ido.

Ɗan Rusaifa

Na gode Hajiya, na gode Malam. Wasu na ba da shawarar ta je ta ce ƙarya ta yi, faɗuwa ta yi a banɗaki, wai ya fi saurin kashe magana. Kuma tana shirin tafiya Kano ganin gida. Ya za a yi?

Malam na Misfala

Kada ta kuskura ta bi wannan shawarar, ɗan'uwa. "Na yafe" daban, "ƙarya na yi" daban. Na farko haƙƙinta ne. Na biyu amsa laifi ne, don ƙarar ƙage da suke kira kaidiyya ana hukunta mai ita, wanda aka yi wa ƙagen kuma yana da ikon neman diyya a ƙarƙashin sashe na 215 na dokar bin kadin laifuka. Ga kuma rahoton likita a cikin fayil yana faɗin irin raunin. Mai bincike ya ga bakinta ya saɓa da takardar asibiti, abin da zai fara zuwa masa shi ne an tsorata ta, sai ya ƙara riƙe fayil ɗin. Ta tsaya a kan gaskiya: abu ya faru, an shirya, ta sauka daga haƙƙinta.

Rahoton likitan nan shi ne ƙashin bayan shari'ar, a nemi sanin kwana nawa aka rubuta na warkewa. A jerin manyan laifukan da ke wajabta tsarewa, wanda babban mai gabatar da ƙara ya fitar a farkon 1442, akwai dukan ganganci da ya jawo rasa gaɓa ko raunin da warkewarsa ta haura kwana 21, sai in mai haƙƙin ya yi tanazul. Ka ga a nan yafewarta tana da amfani na zahiri: ita ke fitar da shi daga tsarewa ko da shari'ar ba ta mutu ba. Raunin da aka rubuta wa kwana uku ko biyar kuwa, ga tanazul, ga shi karon farko ne, shi ya fi kusa da samun hifz.

In an riga an kai kotu, dokar kariya daga cutarwa ta 2013 ce za ta hau kansa: ɗaurin wata ɗaya zuwa shekara ɗaya, da tarar riyal 5,000 zuwa 50,000, ko ɗaya daga ciki, kuma ana ninkawa ga wanda ya maimaita. Gyaran da aka yi mata a 2022 ya tsananta hukuncin a wasu halaye, kamar in matar na da ciki ya zube sanadin dukan, inda ɗaurin ke kamawa daga shekara ɗaya zuwa biyar. A gaban alƙali, lauya ba zai ɓata lokaci yana cewa a kori ƙara don an shirya ba. Zai miƙa takardar sulhu da ta tanazul, ya nemi sassauci, ya nemi a dakatar da zartar da ɗaurin bisa sashe na 214 na dokar bin kadin laifuka. Dakatarwar tana da igiya a wuya: in ya sake aikata laifi cikin shekara uku, ana iya dawo masa da tsohon hukuncin. In hukunci bai yi masa daɗi ba, kwana 30 gare shi na ɗaukaka ƙara, in suka wuce hukuncin ya zauna. Ga mai iƙama kuma abin tsoron ba ɗaurin kaɗai ba ne, hukuncin laifi na iya jawo tarhil, wato kora daga ƙasar, shi ya sa kuɗin lauya tun a Niyaba ba asara ba ne.

Wani abu da ke ɓata sulhu: waya. Miji ya buɗe wayar matarsa a ɓoye ya kwashi hotuna don ya kare kansa, ko dangi su yi ta yaɗa maganar a WhatsApp da sunanta. Wannan laifi ne mai zaman kansa a dokar laifukan intanet, ɗaurin da ya kai shekara ɗaya da tarar da ta kai riyal 500,000, kuma tanazul ɗin da aka yi kan laifin dukan bai shafe shi ba. In akwai ƙorafi biyu ko uku tsakaninsu, har da wanda shi ya shigar a kanta, a ambaci lambar kowanne a takardar sulhun.

Batun tafiya Kano, ta gama tanazul kafin ta hau jirgi. In ba hali, ta yi wa wani wakala, wato takardar wakilci, ta Najiz, dandalin intanet na ma'aikatar shari'a, tun tana nan, a tabbatar an rubuta ikon sulhu da tanazul a cikinta da sunansu, don wakalar bin shari'a kawai ba ta ba wakili ikon yafe haƙƙi. In ta riga ta tafi, sai an rubuta wakalar a can, a fassara ta da Larabci, a bi da ita ma'aikatar harkokin waje da ofishin jakadancin Saudiyya a buga hatimi, makonni na tafiya shi kuma fayil na buɗe. Shi mijin ya duba Absher, manhajar ma'aikatar cikin gida, kafin ya sayi tikitin raka ta, ko an sa masa takunkumin fita. In an sa, ba ya ɗaguwa da kansa ranar da aka yi sulhu, sai ya rubuta wa ofishin da ya sa shi ya nemi a cire.