Neman shawara: muna wayar da kai, amma yaran nesa ba sa samun rigakafin ciwon huhu

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. An ɗora wa ƙungiyarmu ta sa-kai aikin wayar da kan iyaye mata game da ciwon huhu a yara da allurar rigakafinsa. Muna tara su, su saurara, su ce sun gamsu, amma ranar rigakafi na kusa da asibiti kaɗai ake gani. Na nesa da marasa hali shiru. Me ya kamata mu riƙa faɗa musu, kuma yaya za a kai ga waɗanda ake bari a baya?

Ma'aikaciyar jinya:
Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya saka muku. Ku rage dogon jawabi, ku koya wa kowace uwa ƙirga numfashi. Ta bari yaro ya natsu, ba yana kuka ba, ta ɗage masa riga, ta ƙirga ɗagawar ciki na minti ɗaya cur. Jaririn da bai kai wata 2 ba, 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa 11, 50. Daga shekara 1 har ƙasa da 5, 40. Sannan ta kalli ƙasan haƙarƙari: idan yana lotsawa ciki lokacin da yaron ke jan numfashi, a nufi asibiti a ranar. Ƙin kama nono, amayar da duk abin da ya ci, jijjiga ko barcin da ba ya tashi, waɗannan ba a jira gari ya waye. Kada ku tsaya kan faɗa da baki, ku sa kowacce ta gwada a kan ɗanta a gabanku. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ƙirga daƙiƙa 15 a ninka, alhali numfashin jariri ba ya tafiya a jere.

Likitan yara:
Malama ta yi daidai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon huhu ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 sama da 740,000 a 2019, kuma akasarinsu da an iya ceto su. Allurar PCV, wato ta rigakafin ciwon huhu, da Penta, wadda ke ɗauke da kariyar tarin shiƙa da ƙwayar Hib mai kawo ciwon huhu, a ƙasashe da yawa ana yin su a mako 6, 10 da 14, ta ƙyanda kuma a wata 9. Kada a raina ta ƙyanda, domin ciwon huhu ne ya fi kashe yaran da ƙyanda ta kayar. Abu biyu ku nanata. Wanda ya tsallake allura ba a sake masa daga farko, ana ɗorawa ne daga inda ya tsaya. Kuma mura ko ɗan tari ba dalilin fasa allura ba ne.

Jami'in rigakafi:
Hajiya, ni a ganina matsalarku ba ta rashin fahimta ba ce. Uwar da ta taka tafiyar awa biyu aka ce mata yau ba ranar allura ba ce, ko aka yi mata tsawa don ta manta kati, ba za ta dawo ba ko da kun yi mata wa'azi sau goma. Ku fara zama da shugaban asibitin. Ku karɓi ranaku da lokuta tabbatattu kafin ku sanar. Ku nemi a amince cewa ba za a kori yaro saboda kati ba, a duba rajista a ba shi sabo.

Ga wata matsala da ba a cika faɗa ba. Kwalbar allurar ƙyanda galibi ta yara 10 ce, kuma da zarar an haɗa ta, bayan awa 6 sai zubarwa. Shi ya sa wasu ma'aikata ke cewa a jira yara su taru. Ƙa'ida ita ce a buɗe ko don yaro ɗaya ne. Ku taimaka ta hanyar haɗa matan unguwa ɗaya su zo tare.

Na nesa kuwa kai musu ake yi. Ku rubuta sunan kowane jariri da ranar haihuwarsa gida-gida, ku miƙa wa asibiti, don su san adadin da za su ɗauko. Allura tana son sanyin digiri 2 zuwa 8. PCV da Penta daskarewa ke lalata su, don haka a bar ƙanƙarar akwatin ɗaukar allura ta fara narkewa, har a ji motsin ruwa idan an girgiza, kafin a jera kwalabe.

Mai harhaɗa magunguna:
Bari in ƙara ɓangaren magani. Ga ciwon huhun da bai yi tsanani ba, amoksisilin mai narkewa a ruwa ake bayarwa, ƙwayar miligiram 250, sau biyu a rana, yawanci kwana 5. Ma'aikacin lafiya ne ke yanke adadin bisa nauyin yaro, kada ku raba da kanku. Abin da ke ɓata magani shi ne a daina a kwana na biyu don yaro ya warware, a ajiye saura wa ƙaninsa. Mura zalla ba ta jin wannan magani, shan sa barkatai ne ke sa ƙwayoyin cuta su bijire. Ku kuma bincika tun yanzu wane asibiti ne ke da iskar oksijin da na'urar awonta a yatsa, domin yaron da awonsa ya gaza kashi 90 cikin 100 can za a kai shi kai tsaye.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. To masu cewa allura ce ke kawo zazzaɓi fa?

Ma'aikaciyar jinya:
Kada ku ƙaryata su, gaskiya suka faɗa. Ku riga su faɗa tun kafin a yi allurar: jiki zai iya yin ɗumi, cinya ta ɗan kumbura kwana ɗaya ko biyu. A ci gaba da ba da nono, a rage masa kaya, a ba da farasitamol gwargwadon da ma'aikaci ya auna. Idan zazzaɓin ya haura kwana biyu ko ya yi zafi sosai, a dawo da shi a duba. Kuma ku kira iyaye maza da kakanni zaman, tunda sau da yawa izinin fita da kuɗin mota a hannunsu suke.