Zaman ɗalibi a Alƙahira: yaya rayuwa take, kuma ana samun damar zagaya ƙasar?

Ɗan Gwale:
Assalamu alaikum. Na samu gurbin karatu a Jami'ar Azhar, a tsangayar Shari'a, kuma da yardar Allah zan tashi zuwa Alƙahira kafin ƙarshen damina. Ina neman bayani daga yayyenmu da suka riga ni zama a can game da masauki da abinci da sufuri, domin abin da mahaifina zai riƙa aiko mini a wata bai taka kara ya karya ba. Sannan ina da sha'awar ganin Iskandariyya da Luksor, amma shi yana ganin yawon buɗe ido shagala ce ga mai neman ilimi. Shin ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi yana iya haɗa biyun ba tare da karatunsa ya samu tangarɗa ba?

Bakatsine a Hayyul Ashir:
Wa alaikumus salam, ƙanina, Allah ya sanya albarka. Ka fara da batun masauki, domin shi ne zai tsara maka sauran al'amura. Idan ka samu ɗaki a Madinatul Bu'us, gidan kwanan da Azhar ta tanadar wa baƙin ɗalibai a kusa da Abbasiyya, to ka huta da kuɗin haya, kuma kana dab da Darrasa inda tsangayarku take. Idan ba ka samu ba, akasarinmu muna haɗuwa mu huɗu ko biyar mu kama gida a Hayyul Ashir da ke Madinatu Nasr, inda haya ke da sauƙi, sai dai za ka biya bambancin da lokacinka, domin da safe ƙaramar bas takan daɗe a cunkoso kafin ta kai ka makaranta. Jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe layinsa na farko a 1987, shi ne mafi sauri da araha a duk inda ya ratsa.

Abinci ba zai gagare ka ba muddin ba ka nace sai tuwo kullum ba. Da safe za ka ga amalanken mai ful a bakin kusan kowane layi, mutane a tsaye suna dangwalar dafaffen wake da gurasa, ga ta'amiyya mai zafi wadda ba ta da nisa da ƙosanmu. Da rana kuma koshari, haɗin shinkafa da taliya da adas (wani irin ƙaramin wake) da soyayyar albasa, yana riƙe ciki har dare. Amma ka taho da kuka da daddawa da yaji daga gida. Game da kuɗi, tun da aka bar kasuwa ta riƙa yanke darajar fam, kuɗin Masar, a watan Maris na 2024 ya faɗi daga kusan 31 zuwa wajen 50 a kan dala, farashin kaya ya tashi ƙwarai, saboda haka kada ka yi lissafi da labarin wanda ya kammala kafin wannan lokaci. Kuma kada ka fita ko'ina daga birni sai iƙamarka, wato takardar izinin zama, ta fito, domin akwai shingayen bincike a manyan hanyoyi.

'Yar Damagaram:
Ɗan'uwa, Yaya Bakatsine bai ambaci sanyi ba, alhali shi ne ya fi ba sababbin zuwa wahala. Daga Disamba zuwa Fabrairu gidajen suna yin sanyi sosai, kuma yawancinsu ba su da na'urar ɗumama ɗaki, don haka bargo mai kauri yana cikin sayayyar farko.

Batun tafiya kuwa, a ganina abu ne mai yiwuwa idan an tsara shi da kalandar makaranta. Ana jarrabawar zangon farko a Janairu, sai hutun tsakiyar shekara ya biyo baya, kuma wannan ne lokacin Luksor, domin da bazara zafin kudu yana haura digiri 40. Tafiyar takan ci kusan awa 10, don haka ana tashi da dare a isa da safe, a rage kuɗin kwana ɗaya. Iskandariyya kuwa tafiyar kusan awa 3 ce daga tashar jirgin ƙasa ta Ramsis da ke Alƙahira. Mu kan tafi bayan asuba, mu shiga babban ɗakin karatun da aka buɗe a 2002, mu gangara ganuwar Ƙaitbai a bakin teku, mu dawo a ranar. Ka riƙa yawo da katin ɗalibi, domin da shi ake sayen tikitin wuraren tarihi a rabin kuɗi.

Tsohon Azhari:
Ɗana, ban ga laifin mahaifinka ba, domin na ga waɗanda yawo ya ɗauke musu hankali har suka maimaita aji. Amma ka shaida masa cewa ziyarar da ta fi amfani a gare ka tana cikin Alƙahira kanta, kuma ba ta cin komai sai kuɗin mota. Masallacin Amru bn Asi yana Fusɗaɗ, kabarin Imamu Shafi'i, wanda ya rasu a shekara ta 204 bayan Hijira, yana kudu da ganuwar Salahuddini, kuma a masallacin Azhar, wanda Faɗimiyyawa suka gina tun wajen shekarar 970, har yau malamai suna zaman karatu kyauta bayan salloli. A cikin sassan da aka keɓe wa baƙin almajirai a da, akwai na mutanen Barno, wato ba yau mutanenmu suka fara taka wannan hanya ba.

A nan na ɗan saɓa da 'yata mai magana a sama. A shekarar farko ban ba ka shawarar zuwa Luksor ba, domin hutun nan shi ne lokacin baje kolin littattafai na Alƙahira, wanda ake yi tun 1969, kuma kuɗin tafiya ɗaya zai saya maka littattafan fiƙihu da za ka daɗe kana amfani da su. Shekarar farko ta koyon Larabcin titi ce, wanda ya sha bamban da na littafi, har wasu malamai sukan zarce da shi a aji.

Ɗan Gwale:
Na gode, Malam, na gode yayyena, Allah ya saka da alheri. Zan karanta wa mahaifina wannan bayani, in ɗage Luksor zuwa shekara ta biyu. Yaya Bakatsine, idan da hali ka yi mini bayanin takardun da ake buƙata wajen neman iƙama, domin in fara haɗa su tun ina gida.