Masu MPhil ga aure ga aiki, dan Allah yaya kuka yi da shekara ta biyu?

Maman_Hamza:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema wurin waɗanda suka bi hanyar nan da ƙafarsu, ba "ki yi haƙuri" ba, haƙurin ina da shi wlh.

Ni malamar lissafi ce a wata ƙaramar sakandare (JHS) ta gwamnati nan Asokore Mampong, muna zaune Aboabo a gidan su maigidana, yara biyu, kuma ina MPhil, wato digiri na biyu na bincike, a ɗaya daga cikin jami'o'in Kumasi. Shekara ta farko ta yi wuya amma na san kanta, Asabar da Lahadi akwai lakca, tun duku-duku na tsayar da pragya zuwa bakin titi na shiga trotro, kowa a gidan ya san na tafi karatu, ko Mma uwar mijina in an zo nemana ita ce ke cewa ai ta tafi yunibasti. Yanzu an gama kos wok, wato darussan aji, saura tesis, littafin binciken da zan rubuta, babu lakca babu taimtebul, shikenan kowa ya ɗauka na gama. Lahadi biyu ba sa wucewa a jere babu awure, in ba awure ba suna, in ba suna ba adu'a, ga yayi da za a ɗinka kowane biki, ga girkin gida ranar Asabar. A makaranta kuma aji uku nake riƙe da shi, jarrabawarsu ta fita, BECE, na matsowa hedimasta ya ƙara mana darasin safe, sai na dawo da littattafan yara a leda in yi makin bayan isha'i. Lokacin da zan buɗe laftof ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce, in karanta sakin layi ɗaya sau uku ban gane ba, wataran ma ina buɗewa a ɗauke wuta. Na yi difens na furofozal lafiya, amma cafta ta biyu tana nan inda na bar ta, sufabaiza ya turo saƙo yana tambaya na kasa ba shi amsa don kunya.

Yaya kuka yi? In nemi hutun karatu ne, ko in dakatar da shekarar, ko akwai wata dabara?

Abu_Zainab_Ayigya:

Wa alaikumus salam Malama. Kar ki dakatar. Wannan shi ne na farko. Waɗanda muka fara tare suka ce bari su huta shekara ɗaya su dawo, gsky kaɗan ne na ga sun dawo.

Ni na gama nawa a Tech, wato jami'ar KNUST, ina aiki a lokacin, iyali na Ayigya Zongo, to abin da na gane shi ne shekara ta biyu ba ilimi ke kayar da mutane ba, rashin kowa a kanka ne. A kos wok lakcara na jiranka, 'yan aji na kiranka a waya, akwai ranar jarrabawa. A tesis ba wanda ya san ko ka rubuta ko ba ka rubuta ba sai wata shida sun wuce. Kuma tesis kamar wutar gawayi take, in kika bar ta sati biyu ta mutu sai kin koma hurawa tun daga farko, shi ya sa awa ɗaya kullum ta fi wuni guda a wata.

Matsalarki ta dare ce. Kina ba karatun ragowar ƙarfinki bayan makaranta da kicin da makin sun cinye mai kyaun. Juya shi. Makin ba ya buƙatar kai mai sanyi, ko kina gyangyaɗi za ki iya duba lissafin ɗan aji uku, to bar shi da daddare. Tesis kuma ki ba ta asuba, ki tashi kafin kiran farko, kafin masu koko da ƙosai su fito, gidan haya ko gidan gado duk lokacin ne kaɗai ba mai buga miki ƙofa. Ki yi cajin laftof tun da rana a makaranta saboda dumso, ɗauke wutar nan. Kuma kafin ki rufe kullum ki rubuta layi ɗaya a ƙasa, gobe daga nan zan tashi, zan yi kaza. Da yawa awar tasu tana ƙarewa ne wurin neman inda suka tsaya.

Sai abu na biyu da mutane ke sakaci da shi, takardu. Ba ki faɗa ba ko kin nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike. A Tech akwai kwamitin da ake kira CHRPE mai duba binciken da ya shafi mutane, kowace jami'a da nata. Tunda yara 'yan makaranta za ki yi wa tambayoyi ina kyautata zaton za ki buƙaci wasiƙar sashenku zuwa ofishin ilimi na munisifal, da amincewar iyaye. Waɗannan ba a hannunki suke ba, suna cin lokacinsu ko kina barci, to ki shigar da su yanzu su riƙa tafiya kina rubuta cafta ta biyu. Ki kuma duba kalandar makarantu, in 'yan aji uku suka rubuta BECE suka watse, ko aka tafi dogon hutu kwashiniyarki na hannu, kin rasa zango guda a banza, daga nan sai maganar ƙarin wa'adi da sake biyan kuɗin makaranta.

Sufabaiza kuwa ki amsa masa yau. Shiru ya fi komai ɓata musu rai. Ki tura abin da kike da shi ko shafi biyar ne, ki ce ranar kaza zan kawo saura.

Nurse_Rabi:

Yaya Abu ka yi magana amma ka yi ta a matsayin namiji, ka yi haƙuri 😅 kai da ka tashi asuba kana rubutu waye ke ɗora ruwan wankan yara? Asubar mace ba irin taku ba ce.

'Yar uwa ni nas ce, na yi nawa ina shif, dare da rana, ga goyo. A gida ban taɓa rubuta abin kirki ba, ko na kulle ɗaki yaro zai zauna bakin ƙofa yana kuka, maƙwabciya ta leƙo aron turmi, in an ganki da kwamfuta ai a wurinsu hira kike a Facebook. Abin da ya fisshe ni, na maida wa kaina taimtebul ɗin da aka cire. Asabar in yi wanka in sa abaya in ɗau jaka in fita ƙarfe bakwai kamar dai lokacin lakca, in tafi laburare in zauna har la'asar. Ba ƙarya na yi wa kowa ba, karatu na tafi kuma karatun na yi. Mu uku ne, ni da wasu mata biyu 'yan ajinmu, ɗaya ma ba Musulma ba ce daga Kwadaso take zuwa, kowa ta faɗi abin da za ta gama kafin azahar, mu kife wayoyi a tsakiyar tebur, in an yi sallah mu ci waakye mu koma. Ranar da kika ji kasala sai ki tuna akwai masu jiranki.

Girki kuma ranar Juma'a da daddare nake miya mai yawa in rarraba a robobi, in wuta ta yi kirki firiza ta riƙe, Asabar tuwo kawai za a tuƙa, ƙanwar maigidana na yi, ni kuma ina saya mata data. A biya mutum haƙƙinsa ko ɗan gida ne, sai ya yi da daɗin rai.

Maganar hutun karatu, hukumar ilimi ta Ghana, GES, na ba da shi da albashi amma akwai ƙa'ida, yawan shekarun da kika yi aiki da fannin da suke buƙata da gurbin da aka ware a shekarar, kuma ana sa hannu za ki dawo ki yi musu aiki. Ba abu ne da za ki nema yau a ba ki gobe ba. Ki tambayi ofishinku dai, amma kar ki jingina tesis ɗin a kansa.

Hajia_Sawaba:

Ni ban yi digiri na biyu ba, 'yata ce ta yi a gabana, kuma ni uwar miji ce ga wasu, to bari in faɗa muku ta ɓangarenmu.

'Yata, zumunci a ƙafa yake. Kar wani ya zuga ki ki yanke zuwa sha'anin mutane gaba ɗaya don takarda, ranar da naki ya taso waɗannan matan ne za su kwana suna yanka albasa, ba sufabaiza ba. Amma ba duk taro ne ɗaya ba. Gaisuwar rasuwa da adu'a ba a wasa da su, ki je ko minti talatin ne a ga fuskarki. Suna da sassafe ake yi, ki leƙa ki yi barka ki wuce. Awuren ƙawar ƙanwar maƙwabciya kuwa, ki tura gudummawarki ta MoMo ki kira uwar amarya da bakinki, ya wadatar, kuma ba kowane yayi ake ɗinkawa ba, ni kaina na daina.

Abin da ke ɓata mana rai mu manya shi ne a yi mana shiru. Kin taɓa zama da Mmanku kin faɗa mata cewa saura littafi ne za ki rubuta, kuma sai wasu malamai na wata jami'a sun duba sun yarda kafin a ba ki shaidar, in ba haka ba kuɗin shekara biyu ya tafi? Wlh ba ta sani ba. Ta ga kin daina fita ta ce an gama. Ki saya mata goro ko turare ki same ta bayan magariba ki ce Mma taimakonki nake nema zuwa wata kaza, ki sa mata wata ta ƙirga. In ta karɓi maganar ita ce za ta tare miki bakin duk unguwa, ba mai iya cewa surukar gidan ta yi girman kai alhali uwar gidan ce ta ce ta zauna. Kuma maigidan naki ina yake a duk labarin nan? Ban ji kin ambace shi ba sai a gidansu.

Nima_Boy_Legon:

Hajia kin gama magana 🙌

Ni daga Ankara (Accra) nake, Nima, ba aure tukuna amma kar ku ce na huta, ni ne babba a gida, kuɗin makarantar ƙanne biyu a wuyana, da rana ina aiki a wani ofis da yamma in kama hanyar Legon, duk wanda ya san go-sulo daga 37 zuwa Shiashie zuwa Okponglo ya san abin da nake nufi. A trotro nake karanta rabin fefofina a waya. Balme Library na da ɗaki na musamman na 'yan digiri na biyu da na uku, can nake ɓuya.

Nawa ƙarin na kuɗi ne, don ba wanda ya taɓo shi. Shekarar tesis tana da kashe-kashen da ba a rubuta a takardar kuɗin makaranta ba, firintin, fotokofi na kwashiniya, kuɗin mota zuwa makarantu, data, ɗaurin littafi a ƙarshe. Mu da muka ga ƙarshen 2022 lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari mun san yadda rim ɗin takarda ke canza kuɗi tsakanin Litinin da Juma'a. Ki shiga susu, wato adashe, ƙarami don wannan kaɗai. Ki riƙa bin sanarwar asusun tallafin ilimi na GETFund da hukumar sikolashif ta gwamnati, ki tambaya game da Zongo Development Fund da aka kafa a 2017, ki shiga guruf ɗin GRASAG, ƙungiyar 'yan digiri na biyu da na uku, na jami'arku don can labarin tallafi ke fara fitowa, da na GMSA, ƙungiyar ɗalibai Musulmi. A nema dai, in ya zo alhamdulillah.

Na fasaha kuma, sa Zotero ko Mendeley tun yanzu ya riƙe miki refarens, masu barinsa sai ƙarshe suna kuka. Duk daren da kika yi rubutu ki jefa kwafi a Google Drive, wani abokina an ɗauke masa jaka a tasha da laftof da filash duk a ciki, cafta huɗu. Kuma dan Allah duk yadda kika matsu kar ki saurari masu manna lamba a bango wai suna rubuta wa mutane tesis, ko ta wuce Turnitin, manhajar da ke kama satar rubutu, ranar difens ke kaɗai za ki tsaya gaban fanel, tambaya biyu za su gane.

Maman_Hamza:

Allah ya saka muku da alheri duka, na karanta har sau biyu. Hajia kin kama ni 😂 maigida yana da shagon kayan waya a Adum, ba ya hana ni, shi ya biya rabin kuɗin ma, amma bai taɓa tunanin cewa yara ranar Asabar matsalarsa ba ce shi ma. Jiya na nuna masa amsarki ya yi dariya ya ce Hajiyar nan lauya ce, mun tsaya a kan zai kai su makarantar allo da safe ya ɗauko su da azahar, yaron shago ya riƙe masa. Mma kuma zan same ta daren Juma'a in sha Allah.

Yaya Abu na tura wa sufabaiza shafukan da ke hannuna, ya amsa da "mu haɗu Laraba" kawai, gabana na faɗuwa amma gara haka. Izinin kwamitin ban shigar ba tukuna, wasiƙar ofishin ilimi ita ake fara karɓowa ko ta kwamitin? Anti Rabi, in akwai wata a nan Kumasi da ke neman abokiyar zaman Asabar ta yi min magana ta inbos, ni ko ina ne tsakanin Tech da Amakom zan iya zuwa.

Abu_Zainab_Ayigya:

Ki fara karɓar wasiƙar gabatarwa daga sashenku ki kai ofishin ilimi, don kwamitin kan so ganin amincewar inda za a yi binciken a cikin takardun da kika haɗa. Amma ki tambayi sakataren sashen, su suka fi kowa sanin tsarin bana. Laraba ki je da littafin rubutu, duk gyaran da ya faɗa ki rubuta a gabansa, kafin ki tashi ki ce masa yaushe zan dawo.