Wa ya rage a ƙauyenku? Mu haɗa abin da idonmu ya gani

Malamin firamare, Mai Wurno

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya bayan la'asar na zauna a ƙofar masallacin unguwarmu ina ƙirga gidajen layinmu da yatsa. Gida goma sha huɗu ne. Waɗanda za ka yi sallama saurayi mai ƙarfin riƙe fartanya ya fito, biyar kacal na samu. Amma kuma layin bai taɓa cika da mutane kamar a shekarun yaƙin nan ba: mata, yara, tsofaffi, da 'yan'uwan da yaƙi ya koro daga Khartum a 2023, sannan daga Madani a watan Disambar shekarar. Baki ya ƙaru, hannu ya ragu.

Abin ya tsaya mini a rai domin noma ne ya kafa garin nan. Kakanninmu sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, suka sauka a bakin wannan kogi na Shuɗin Nilu, a nan Sudan, a 1906. Da aka kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin audugar Jazira, gumin mutanenmu yana ciki. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Sudan an yi ta ne a 2008, tun ƙasa ba ta rabu ba. Saboda haka nake roƙon kowa ya ƙirga mana nasa layin. Wa ya tafi, ina ya nufa, wa ke riƙe da gona?

Dattijo daga kambo, kudancin Jazira

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya yi maka albarka. Jikata ce ke rubuta mini, ido ya yi rauni.

Ni a kambo, wato zangon 'yan ƙwadagon gona, aka haife ni, a gefen hawashar wani, wato gonar da aka yanka masa a Jazira, kuma a nan na tsufa. Lokacin da muke samari, idan auduga ta fashe sai ka ga fili fari fat har inda ido ya tsaya. Tun asuba muke shiga da buhu a ƙugu, uwa da 'ya'ya, har amaryar da ba ta yi wata a ɗaki ba. Ana auna abin da ka tsinta, ƙaramin jirgin ƙasa ya kwashe zuwa injinan gurza na Marinjan da Hasahisa. Ba mu yi arziki ba, kada in yi ƙarya. Amma kowa ya san aikinsa daga wata zuwa wata: shuka, cira, ban ruwa, tsinta, sannan gyaɗa da dawa da muke nomawa raba-daidai da mai hawasha. Yaro bai da dalilin tafiya, aiki na jiransa a bakin ƙofa.

Bayan dokar 2005 da ta bar wa manomi zaɓin abin da zai shuka, auduga ta ja baya. Wani ya sa alkama, wani albasa, wani ya bar fili haka. Makwancin ruwa kuma ya cika da laka da ciyawa. Mu da muke ƙarshen Abu Ishirin, ƙaramar hanyar ruwan da ke shayar da gonaki, sai mu kwana a bakin ruwa da fitila muna jira, wani lokaci ya iso kamar zaren tsumma, wani lokaci gari ya waye ƙasa a bushe. Na ga gyaɗa ta yi fure ta ƙone a gabana shekara biyu a jere. A shekara ta uku babban ɗana ya ce, "Baba, ka yafe mini." Ban hana shi ba. Da me zan hana shi? 'Ya'yana maza shida, yau ɗaya ne ke cin tuwo tare da ni.

Abin da ya fi ci mini rai, ko ƙasar da ɗakina yake kai ba a rubuta ta da sunana ba. Wanda bai da tushe a takarda, ɗansa ba ya ganin abin da zai gada.

Ɗan haƙar zinariya, Abu Hamad

Baba, Allah ya ƙara lafiya, maganarka ta sa na tuna mahaifina. Ina cikin waɗanda suka tafi, bari in faɗi namu ɓangaren, don ana yawan cewa ƙyuya ce ta kore mu daga gona. Wallahi mai ƙyuya ba ya kwana uku a nan. Muna sauka rami da igiya, mu fasa dutse, mu cika buhu, a kai injin niƙa a kasuwa, a wanke da zaiba da hannu tsirara. Ruwan sha saya muke yi a jarka. Akwai abokina da rami ya rufta da shi, mu muka tono shi.

Lissafi ne ya fito da ni. A gida muna cin bashin shel: ɗan kasuwa ya ba ka kuɗi da damina, ka biya shi da buhun dawa a farashin da ya yanke tun kafin shuka ta fito. Kaka ta yi, rumbu ya koma nasa. Tun da Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da kashi uku cikin huɗu na man fetur, jine, kuɗin Sudan, bai sake tsayawa da ƙafarsa ba. A Fabrairun 2021 aka mayar da dala daga jine 55 zuwa 375 a hukumance. Kuɗin da ka sayar da amfani yau ba zai sayi irin baɗi ba. Zinariya kuwa ko giram ɗaya ce darajarta na nan. Da ita na yi wa ƙannena biyu aure, na rufa ɗakin Inna da kwano. Sai dai akwai watan da za ka yi ba ka ga ko ƙwaya ba, wannan ba a faɗa a gida.

Uwar gida, wani ƙauye kusa da Sinja

Malam, ka ce wa ke riƙe da gona. Mu ne, a rubuta. Maigidana yana Jidda shekara tara, direba ne. Gonar bakin kogi, ayaba da mangwaro da ɗan fegin kuɓewa, ni nake tsaye a kai. Ni ke ɗaukar 'yan ƙwadago, ni ke ciniki da mai famfo kan man dizal, ni ke tsayawa idan mota ta zo ɗaukar ayaba don kada a yi mana ƙwange. Da can surukina ba zai yarda in taka kasuwa ba, yanzu shi ke cewa, "'Yata, je ki ji mana farashi."

Da Khartum ta rikice, iyali uku suka sauka a gidana. Tukunyar da nake ɗorawa mutum bakwai ta koma ta mutum ashirin da uku. Abin da maigida ke turowa ta Bankak, manhajar banki ta waya, shi ya riƙe mu, sai ga shi a Fabrairun 2024 layukan waya sun ɗauke a ƙasar. Na sayar da awaki biyu kafin a samu hanya. Ƙarshen watan Yuni kuma Sinja ta faɗa hannun dakarun RSF, mu da muka karɓi baƙi muka zama baƙi. Da ƙafa muka fita, ƙaramar 'yata a baya, surukina a kan amalanken jaki. Bayan an karɓo garin a Nuwamba muka dawo, ayaba duk ta bushe, famfo babu.

Akwai abin da maza ba sa ƙirgawa: 'yanmata. A layinmu akwai bakwai da suka isa aure, manemansu suna wajen zinariya ko Saudiyya ko Libiya. Yara kuma sun daɗe ba makaranta. Ɗana mai shekara tara sai yanzu yake haɗa baƙi.

Manomin riɗi, Gadarif

Mu a nan ƙarancin hannu sai lokacin yankan riɗi yake nuna kansa. Riɗi ba ya jiran kowa, idan ya nuna ka yi jinkirin kwana kaɗan kwanson ya fashe, tsaba ta zube ƙasa. Shekara da shekaru 'yan ƙwadago daga Habasha ke cike mana gurbin yaranmu. Da 'yan gudun hijira suka cika garin na ɗauki wasu samarin Khartum, har da mai digiri. Ranar farko lauje ya kumbura musu hannu. Biyu sun gudu, uku sun jure, ɗaya ma bana ya karɓi hayar fadan biyar, wato kusan eka biyar, yana noma wa kansa.

Malamin firamare, Mai Wurno

Na gode ƙwarai. Yaya, Allah ya mayar miki da alheri, maganar 'yanmatan nan ban taɓa sa ta a lissafina ba, kuma gaskiya ce. Tun da aka karɓo Madani a Janairun 2025 baƙinmu suka fara komawa, kullum sai mota ta tashi da katifu a sama. Amma ba duka ba. Ɗan ƙanwata da aka haifa a Umdurman, wanda Hausarsa ma da ƙyar take fita, ya ce shi ba zai koma ba. Ya buɗe teburin agashe, wato tsire, a bakin titi, da safe kuma yana bin kawunsa gona. Ɗan'uwa na Abu Hamad, kai me zai dawo da kai?

Ɗan haƙar zinariya, Abu Hamad

Famfo mai aiki da hasken rana, Malam, da jarin da zai raba ni da shel. Na tara fiye da rabin kuɗin. Mahaifina ya ce in na riga ruwan Yuli isowa zai ba ni gefen gonar da ke kusa da kogi. Yaya ta Sinja, in akwai wanda ya kafa irinsa a wajenku, ki tambayar mini faranti nawa ya sa, da fadan nawa yake shayarwa a rana.