Likita ya ce sai an cire wa 'yata haƙora huɗu masu lafiya kafin a sa mata waya

Baban Hafsa, Gwaram:
Assalamu alaikum. 'Yata mai shekara 15 haƙoranta na gaba sun hau kan juna, fiƙarta ta sama kuma ta fito can saman dasashi, har ta kai ba ta dariya a cikin mutane sai ta rufe baki da mayafi. Na kai ta asibiti a Kano, likita ya ɗauki hoton bakinta, ya ce kafin a ɗaura mata wayar gyaran haƙori sai an cire haƙora huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa, alhali babu wanda yake mata ciwo. Kakarta ta hana, domin a cewarta cire haƙorin sama yana taɓa ido. Ni kuma tsorona kada a bar mini yarinya da giɓi. Mai sani ya taimaka mini.

Ma'aikaciyar jinya, Ringim:
Wa alaikumus salam, Malam. Babban mutum yana da haƙora 32, amma ba kowane muƙamuƙi ne yake da filin da zai ɗauke su a jere ba, kuma idan fili ya yi kaɗan dole wasu su karkace ko su fito a inda ba wurinsu ba. Waɗanda aka fi cirewa su ne ƙananan turamen da ke bayan fiƙa, ba na gaba ba. Wayar ce take jan sauran haƙoran a hankali har su cike gurbin, shi ya sa ba a ƙarewa da giɓi matuƙar an kai aikin ƙarshensa. Ka lallashi Inna cikin ladabi cewa jijiyar gani daban take da jijiyar haƙori. Allurar kashe zafi kan sa kunci da leɓe su yi nauyi na 'yan sa'o'i, sannan su sake. Kana da haƙƙin ka tambayi likitan ko za a iya samun filin ta hanyar faɗaɗa jeren haƙoran ko ɗan goge gefensu, domin idan cunkoson kaɗan ne hakan yakan isa, sai dai fiƙar da ka kwatanta alama ce ta cunkoso mai yawa.

Malam Ado, Ɓagwai:
Malam, ni abin da nake so ka lissafa shi ne zirga-zirga. An yi wa ƙanena wannan aikin, mun shafe kusan shekara 2 muna shiga birni kowane wata ana ƙara ɗaure wayar. Da damina ta kama, muka yi wata uku ba mu je ba saboda noma da kuɗin mota, likita ya ce mun mayar da aikin baya. Daga Gwaram zuwa Kano tafiya ce mai nisa, kuma idan aka cire haƙoran aka kasa ci gaba da zuwa, to a nan ne giɓin da kake tsoro zai tabbata. Bayan an kwance wayar ma akwai wani abin riƙe haƙora da ake sawa da dare don kada su koma.

Baban Hafsa, Gwaram:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan jira a gama girbi in ga abin da ke hannuna, sannan in tafi da kakarta ta ji daga bakin likitan da kanta.