Raket ɗina ya tsage: wanne zan saya, kuma fam nawa za a ja mini igiya?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Wata bakwai ke nan da fara badminton ɗina, ina zuwa Litinin da Laraba da Asabar bayan la'asar, kuma kusan kullum bibbiyu muke bugawa. Watan jiya na sayi raket a wani shago cikin kasuwa, an rubuta Astrox 100ZZ a jikinsa, irin na hannun Viktor Axelsen, gwanin badminton ɗan Denmark. Na kai aka saƙa mini igiya, na ce a ja ta fam 28 (da fam ake auna tsaurinta). Jiya na ɗaga hannu zan sauke simash, wato bugun ƙarfi daga sama zuwa ƙasa, sai na ji ƙas! Ko da na duba, kan ya tsage ta sama wajen hagu, igiyar kuwa ko tsinkewa ba ta yi ba. Ga gwiwar hannuna tana damuna sati biyu ke nan, ko buta na ɗauka sai na ji ta. Wanne zan saya yanzu? Kuɗina ba su da yawa.

Alhajin Zaure: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, ya kuma ba ka lafiya. Kafin a je ko'ina, nawa ka saye shi?

Sabon Shiga: Ranka ya daɗe, bai kai rubu'in farashin da na gani a intanet ba. Mai shagon ya ce shi kaɗai ya rage, shi ya sa ya karyar.

Alhajin Zaure: To ɗana, jabu aka ba ka. Araha ba ta ado. Na gaskiyar a Japan ake yin sa, kuma babu ɗan kasuwar da zai sayo shi da dala ya sayar maka a rubu'in kuɗinsa. Bari Malam mai saƙa ya shigo, ya fi ni sanin cikin abin.

Mai Saƙa: Ga ni, Alhaji. Ƙanena, duba wurare biyu. Akwai lamba a jikin sandar, akwai wata a kan 'yar hular robar da ke saman mariƙi. A raket na asali na Yonex, kamfanin da ke yin Astrox, sassaƙa lambobin ake yi, in ka bi da farce za ka ji kartarsu. In ka ji sumul kamar fenti ne aka shafa, ka san sauran.

Sabon Shiga: Na shafa Malam, sumul take. Ta kan hular ma ta fara gogewa.

Mai Saƙa: Shi ke nan. Amma ina so ka ji wannan da kyau, don ya fi maganar jabun muhimmanci: ko da na asali ka samu, ba raket ɗinka ba ne a yanzu, kuma fam 28 ba jan ka ba ne. Shi 100ZZ kansa ya fi gindinsa nauyi, sandarsa kuma tana cikin mafi tauri da kamfanin ke yi. Sai mai hannu mai sauri sosai ne ke iya lanƙwasa ta ta cilla masa shatul, wato ƙwallon badminton. Wanda bai kai nan ba, da kafaɗa da gwiwar hannu zai biya. Sannan fam 28 shi ne ƙarshen abin da aka rubuta wa mai nauyin 4U. Wato ka kai na asali ma bakin iyakarsa, balle wanda ba a san da me aka haɗa shi ba.

Mutane da yawa suna zuwa wurina da tunanin in igiya ta yi tsauri bugu zai yi ƙarfi. Ga mai koyo akasin haka ne. Igiyar da aka ja fam 21 ko 22 tana ɗan lotsawa in shatul ya faɗa mata, sai ta dawo ta wurga shi, kamar danƙo. Wurin da bugu ke zama daidai a tsakiyar raket yana da faɗi, ko ka ɗan kauce shatul zai kai bayan fili. In aka ja ta 28 ta zama kamar allo. Wurin nan mai kyau ya tsuke, duk bugun da ya kauce masa sai girgizar ta bi sanda ta sauka a hannunka, shatul kuma ya faɗi tsakiyar filin abokin karawa ya sauke maka shi a ƙafa. Abin da tsauri ke bayarwa shi ne iya ajiye shatul inda ka nufa, wannan kuwa sai wanda ya riga ya saba bugawa a tsakiya sau tara cikin goma.

Ɗan Jami'a: Oga, ni fa ban yarda gaba ɗaya ba. Fam 26 nake ja da igiyar BG66 Ultimax, kuma tun da na koma can ajiyata a bakin raga ta gyaru. Ga ƙarar da take yi in ka same shi daidai, duk ɗakin sai an waiwayo.

Mai Saƙa: Shekara nawa kana wasa, kuma kwana nawa take yi maka?

Ɗan Jami'a: Shekara shida, tun sakandare. Takan yi sati uku, wani lokaci biyu.

Mai Saƙa: To ka ga bambancin. Kai hannunka ya nuna, 26 ta dace da kai, ban hana ka ba. Shi wata bakwai gare shi, kuma ya ce kuɗinsa ba su da yawa. Ultimax kaurinta milimita 0.65 ne, BG65 kuwa 0.70. A ido kamar babu bambanci, a fili kuwa BG65 a kan fam 22 sai ta yi wa mai zuwa sau uku a sati watanni. Siririyar igiya a kan tsauri, bugu ɗaya a kusa da baki ya isa ya tsinka ta, ko da ranar aka saƙa.

Ɗan Jami'a: Wannan gaskiya ne, ta taɓa tsinke mini a wasan farko. Amma in zai ɗan ƙara kuɗi ya gwada BG80, ita 0.68 ce, tana da kaushi, tana kama shatul in za ka yanka shi.

Mai Saƙa: Igiya ce mai kyau, amma tana da tauri a hannu. Mai ciwon gwiwa ya bari sai ya warke.

Hajiya Mai Wasan Safe: Sannunku da hira. Ƙanena, maganar gwiwar nan ita ta sa na shigo, don na sha ta. Shekara biyu da suka wuce na karɓi raket ɗin maigidana, 3U mai nauyin kai, na yi wata uku ina bugawa da shi. Sai da ta kai ba na iya matse tsumma ko juya murfin kwalba. Na bar fili wata biyu cur. Da na dawo abu uku na canza. Na koma 4U wanda kansa ba shi da nauyi, na sa aka ja mini 21, sannan na ƙara naɗi ɗaya a mariƙin. Wannan na ƙarshen mutane ba sa kula da shi. In mariƙi ya yi maka siriri, damƙe shi za ka yi ta yi da ƙarfi ba ka sani ba, kuma jijiyar da ke wahala ita ce wadda ta hau zuwa gwiwa. Riƙe raket ɗin ka gani, ya kamata a sami ɗan fili tsakanin kan yatsunka da tudun babban yatsa. Don Allah ka huta ko sati biyu ne, in bai lafa ba ka je asibiti a duba. Kada ka ce za ka daure.

Sabon Shiga: Na gode Hajiya, in sha Allahu zan huta. Amma wannan 3U da 4U ɗin, ni har yanzu ban gane su ba.

Alhajin Zaure: Nauyi ne, kafin a sa igiya. 3U giram 85 zuwa 89, 4U giram 80 zuwa 84, 5U kuma 75 zuwa 79. Lamba na hawa, nauyi na sauka. Kusa da ita za ka ga G4 ko G5, wannan kaurin mariƙi ne, kuma a Yonex G5 ya fi G4 siranta. Ka ɗauki G5, don siriri ana iya ƙara masa naɗi, mai kauri kuwa ba yadda za ka yi da shi. Tun da bibbiyu kake bugawa, 4U ya ishe ka. A bibbiyu yawancin bugu na kare kai ne da mayarwa cikin sauri.

Malamin Wasanni: Ina goyon bayan Alhaji. In ƙara da yadda za ka gwada a shago da hannunka. Ɗora sandar a kan yatsa ɗaya ka nemi inda raket zai tsaya bai rinjaya ba. Tsawon yawancinsu santimita 67 da rabi ne. In wurin ya faɗo wajen santimita 29 daga gindi, matsakaici ne. In ya haura 30, kai ya rinjaya. A jerin Yonex, Astrox su ne masu nauyin kai, Nanoflare masu sauƙin kai, Arcsaber na tsakiya. Kowanne kuma yanzu suna fitar da shi hawa-hawa, Pro a sama, Play a ƙasa. Ɗalibaina da suka fara tasawa Arcsaber 11 Play nake nuna musu. Sandarsa tana da sauƙin lanƙwasa fiye da ta Pro, kuma kabon ne gaba ɗaya.

Abin da zan hana ka shi ne masu kan alminiyam ɗin nan da ake sayarwa biyu a jaka ɗaya, waɗanda za ka ga mahaɗi a fili tsakanin kai da sanda. Na wasan tsakar gida ne da yara, suna da nauyi, kuma kan yana lanƙwashewa in aka ja igiya sosai.

Ɗan Jami'a: Kuma ba dole sai Yonex ba. Sunan ne ya sa aka fi yi musu jabu. Li-Ning na Sin, Victor na Taiwan, Apacs na Malesiya, duk suna da na masu ƙaramin ƙarfi. Raket ɗina na biyu Apacs ne, shekara uku yana hannuna, ya sha karo da na abokan wasa bai tsage ba.

Hajiya Mai Wasan Safe: Ni dai da a sayi sabo na jabu gara na hannu na asali. A cikinmu ma akwai masu canza raket duk shekara. Sai dai a duba shi a rana, a bi bakin da yatsa. Ɓarewar fenti ba komai ba ce, amma in ka ga siririn layi ya ratsa kamar gashi, musamman kusa da huda, ka ajiye.

Sabon Shiga: Malam mai saƙa, shin wanda ya saƙa mini yana da laifi? Ya fi awa biyu a kai, kuma da ya gama na ga kamar kan ya ɗan yi gajere ya yi faɗi.

Mai Saƙa: Ba zan yanke wa mutum hukunci ban ga aikinsa ba, amma kai ya canza siffa alama ce mara kyau. Igiyoyin tsaye 22 ne, su ake fara ja, kuma suna janyo kan ya taƙaice. Na kwance su ke mayar da shi siffarsa, shi ya sa da yawanmu muke ƙara musu fam ɗaya ko biyu, misali fam 22 tsaye, fam 24 kwance. In injin bai riƙe kan da kyau ba, a tsakanin nan ake yi wa raket illa, ba kuma lallai ya karye a ranar ba. Ka nemi mai injin da ke riƙe kai a wuri shida. Injin wasan tanis da ba a canza masa maƙalai ba bai dace ba.

Ka tsaya ka ga ko zai duba 'yan robobin da ke cikin hudojin kafin ya fara. In ɗaya ta fashe, igiya za ta zauna kan kabon kai tsaye, ko ta tsinke a wurin ko ta ci bakin a hankali har ya nutse. Canza su ba ya ɗaukar minti biyar. Ka kuma ƙirga ƙulli in an gama. Ni huɗu nake yi, tsaye daban kwance daban, kuma haka Yonex ke so a yi wa nasu. Wani abu kuma, 24 a injin hannu ba ita ce 24 a injin lantarki ba. Na lantarki yana ci gaba da ja har a maƙale igiyar, don haka yakan fito da tsauri fiye da na hannu. In ka sami mai saƙa ɗaya da ka gamsu da shi, ka zauna wurinsa, lambarka za ta riƙa nufin abu ɗaya kullum.

Alhajin Zaure: Kada a manta da but ɗin mota. Na rasa raket mai kyau a bazara saboda na bar jaka a ciki tun safe har la'asar, a watan Afrilu da zafi ke haura 40. Igiyar ta saki, bayan kwana kaɗan kan ya tsage. Yanzu ofis nake shiga da jakata in ajiye ta ƙarƙashin tebur.

Mai Saƙa: Haka ne Alhaji. Kuma duk ranar da igiya ɗaya ta tsinke, a sa almakashi a yanke sauran nan take, a fara daga tsakiya a yi waje, tsaye ɗaya kwance ɗaya. In aka bar shi a jaka kwana uku, gefe ɗaya na ja ɗaya ya saki, kan zai karkace.

Malamin Wasanni: Da wane shatul kuke wasa a wurinku?

Sabon Shiga: Na roba, Mavis 350, mai koren zobe. Na gashi sai ranar Asabar in an yi karo-karo.

Malamin Wasanni: Koren shi ne daidai da zafinmu, shi ne mai tafiya a hankali, shuɗi na matsakaicin yanayi ne, ja na ƙasashen sanyi. Tun da roba ce yawancin wasanka, wannan ma dalili ne na rage ja. Na roba ya fi na gashi dukan hannu. Ni 21 zan ce, in gwiwar ta warke ka hau 22, bayan wata shida ka gwada 23 ka ji. Fam ɗaya ɗaya ake hawa. Manya irin su Anuoluwapo Opeyori da ya wakilci Najeriya a gasar Olympics ta Paris a 2024 kullum suna fili suna atisaye, kuma da raket da yawa a jaka suke shiga gasa, in ɗaya ta tsinke su ɗauki wani. Kai guda ɗaya za ka saya.

Ɗan Jami'a: Na gashin kuma, yanzu da hunturu ke shigowa, ku riƙa tura masa tururin ruwan zafi ta bakin kwalin daren Juma'a ku rufe. In ba haka ba gashin ya bushe, wasa ɗaya ya kakkarye.

Sabon Shiga: Allah ya saka wa kowa da alheri. Abin da na rubuta: 4U, G5, matsakaicin kai, sanda mai sauƙi, BG65 a kan 21, ƙarin naɗi ɗaya. Malam, in na samo zan kawo maka ka duba kafin in biya, in mai shi ya yarda.

Mai Saƙa: Kawo shi. Ka haɗo da wanda ya tsage ɗin ma, ina so in ga ta inda ya fara.

Alhajin Zaure: Kada ka yi gaggawar saye. Ina da Arcsaber ɗaya da Nanoflare ɗaya a jaka, Hajiya ma tana da nata. In ka gama hutun sati biyun ka zo ranar Asabar da wuri, kafin a cika, ka yi minti goma da kowanne a bayan fili kana ɗaga shatul sama kawai, ban da simash. Wanda ya kai maka shi layin baya ba tare da ka yunƙura ba, irinsa za mu nema.

Sabon Shiga: To ranka ya daɗe, Asabar ta sama in Allah ya kai mu. Ƙarfe huɗu zan iso.