Na rasa yadda zan haɗa kan tsofaffin ɗalibanmu

Jama'a, a taimaka. Ina aiki a ofishin wata makarantar Yahudawa ta jeka-ka-dawo a Manchester, an ɗora mini haɗa kan tsofaffin ɗalibai. Abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Na buɗe rukunin WhatsApp, ya cika a mutum 1,024, surutu ya kori wasu. Imel kuma dawowa yake yi, adireshin sun mutu. Sa lokacin taron Zoom ne ya fi ba ni ciwon kai, don tsofaffin ɗaliban sun warwatsu a ƙasashe: daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa daren Asabar masu kiyaye Shabbat (ranar hutun ibada ta Yahudawa) ba sa taɓa waya, Lahadi ranar aiki ce a Isra'ila, 'yan New York kuma muna gabansu da awa 5.

Wace manhaja ce za ta raba su aji-aji, kowa ya riƙa sabunta bayanansa da kansa?